Kaskon Inna Ya Je Holan

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A makarantar da nake koyar da zane a Garki malamai sun tsare ni a ɗakin hutu, a unguwa kuma mai shagon ƙofar gidanmu ya ƙi sallamata sai na gaya masa ko da gaske ne Turawa ba sa cin yaji. Ƙawata Rifkatu ta ce in ban zauna na rubuta ba ita za ta rubuta, kuma ƙarya za ta zuba a ciki. Na san za ta aikata. To ga shi nan, kowa ya karanta ya bar ni in sarara.

Sunana Zulai. Zane nake yi, amma ba da fentin kanti ba, da ƙasa. Ina haƙo jar ƙasa in shanya, in daka, in tankaɗe, in kwaɓa da ƙaro, sannan in shafa a jikin katako. Hotunan wannan aikin ne suka kai hannun wani gidan masu zane a wani ƙaramin gari a Holan, suka gayyace ni in je in zauna wata uku. Za su ba ni ɗakin kwana da wurin aiki, a ƙarshe in baje abin da na yi jama'a su gani.

Wahalar farko ita ce yi wa Inna bayani. Mahaifiyata tana zaune a Zuba wurin yayana Mudi, mai sayar da kankana da lemo a kasuwar kayan marmari. Na same ta a kan tabarma tana ɓare gyaɗa da lalube, don idonta ya yi rauni.

"Aiki suka ba ki?" in ji ta.

"A'a, Inna."

"To karatu ne?"

"Ba karatu ba ne. Zama zan yi in yi zanena."

Ta ci gaba da murza gyaɗarta. "Wato duk faɗin garinsu sun rasa mai ɓata musu tsakar gida da taɓo, sai da suka aiko Abuja."

Yaya Mudi ya yi dariya har ya ƙware. Ni ban ji haushi ba, don na san Inna: idan abu ya burge ta, da zolaya take rufe shi.

Tun ranar da saƙon gayyatar ya zo na san abin da zan zana. Babana. Mai fasa dutse ne a Mpape, a can aka haife mu, a gidan ƙasa da ya gina da hannunsa. Daga ramin da ke bayan gidan ya haƙo ƙasar ginin. Bayan rasuwarsa aka zo rusau da sunan faɗaɗa hanya, layinmu gaba ɗaya ya tafi. Ba mu da hotonsa ko ɗaya da za a gane fuska a ciki. Na daɗe ina son in zana shi da ƙasar wurin nan, ina jin tsoron farawa. Na ce to, ga wata uku ba yara ba maki, ba ni da sauran uzuri.

Muka hau Mpape ni da Rifkatu, da ƙaramar fartanya da buhu. Rifkatu mutuniyar Filato ce, ma'aikaciyar jinya, Hausarta irin ta Abuja, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. Wurin gidanmu yanzu katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe, amma bakin ramin nan yana waje, ruwa ya zaizaye shi ƙasar ta fito ja wur. Na durƙusa na fara haƙa ke nan sai ga maigadi da sanda.

"Ke baiwar Allah, me kike ɗiba a ƙofar gidan mutane? Asiri za ki yi wa oga?"

Sai a lokacin na ga kaina yadda yake ganina: mace da mayafi, tsugune a gindin katangar wani, tana zuba ƙasa a buhu. Ko ni ce maigadin abin da zan zata ke nan.

Rifkatu ta sha gabansa. "Haba baba, ka duba shi da kyau mana. Wannan ya yi kama da mai juju? Malama ne fa, Turawa ne suka kira shi."

Wannan ya ƙara rikita shi. Sai da na fito da waya na nuna masa zane-zanena, na ce masa daidai inda yake tsaye nan ɗakin Inna yake a da. Ya dubi ƙasan ƙafarsa, ya matsa gefe. Ya ce shi ma garinsu ruwan dam ya cinye. Daga nan ya juya mana baya ya ce shi bai ga kowa ba, amma mu yi sauri.

Maganar biza ba zan ja ta ba, duk wanda ya taɓa bin layin nan ya san yadda ake fita da asuba a dawo da yunwa. Baturen da ke bayan gilashi ya juya takarduna, ya tambaye ni me zai tabbatar masa zan dawo. Na ce ina da tsohuwa a Zuba wadda in na ƙara kwana ɗaya a kan abin da na ce mata, da kanta za ta zo ta tafi da ni. Bai yi dariya ba, amma bizar ta fito.

Sai rigar sanyi. Rifkatu ta ja ni wurin 'yan gwanjo, ta zaɓo wata ƙatuwar riga mai auduga wadda ta kai min har ƙwauri, ta ce dole in gwada. Na sa ta da tsakar rana a tsakiyar kasuwa, gumi na bin bayana, masu kaya suna min sannu. Da muka koma gida ta dubi ƙasar da na riga na tankaɗe na ƙulla a ledoji, ta ce, "Zulai, wannan ƙasa naki, kin tabbata za su bari ya shiga?"

Na ce, "Ƙasa ce fa, ba ƙwaya ba. Wa zai tsare mutum a kan ƙasa?" Haka na faɗa, da ƙarfin gwiwata.

Ana jibi zan tashi na je Zuba sallama. Yaya Mudi ya haɗa min kilishi da yaji da kuka, ya so ya ƙara da kankana guda sai da na rantse masa akwati ba zai ɗauka ba. Inna ta ba ni umarni biyu. Na farko, ina sauka in nemi albasar garin in ci ɗanya kafin in sha ruwansu, don kada baƙon ruwa ya ɓata min ciki. Na biyu, ta sa hannu ƙarƙashin gado ta jawo kaskon turarenta.

Kaskon nan ya girme ni da 'yan kwanaki. Wata maƙwabciyarmu a Mpape, Mama Saratu, 'yar Gbagyi mai ginin tukwane, ita ta gina shi da yumɓun ramin bayan gidanmu ta kawo wa Inna gudummawar haihuwata. Ranar rusau, shi da tabarmar salla kaɗai Inna ta fito da su a hannunta. Bayansa ja ne, cikinsa ya yi baƙi ƙirin saboda garwashi da turaren shekara da shekaru.

"Ɗakin da ba a turara ba ba ɗakin mace ba ne," in ji ta. "Ki tafi da shi. Amma ki ji da kyau, aro na ba ki, ba kyauta ba. Ki dawo min da abina."

Na ce akwatina ya cika. Ta ce in cire takalmi. Na cire takalmi.

A filin jirgin Abuja wani jami'i ya buɗe akwatin, ya ga ledojin jan gari, ya ce, "Hajiya, wannan yajin na ina ne?" Kafin in buɗe baki ya dangwala ya kai harshe. Ya tsaya yana taunar yashi yana kallona. Na ce masa kayan zane ne. Ya tofar a hankici, ya rufe akwatin da kansa, ya ce in wuce Allah ya kiyaye hanya. Na shiga jirgi ina cewa a raina, ka ga, ba na faɗa ba.

Jirgi dai jirgi ne. An ba mu wata shinkafa da ba ta san gishiri ba, na barbaɗa mata yajin Yaya Mudi, matar da ke kusa da ni ta yi ta atishawa har na ji kunya na mayar da shi jaka.

A filin jirgin Holan ne aka yi ta. Na ɗauko akwatina ina turawa, sai wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gabansa ya ƙi tashi. Kilishi ya jiyo. Wata jami'ar kwastan, doguwa mai fara'a, ta kai ni gefe. Ta ɗauke kilishin, ta ce ba a shiga da nama. Wannan bai dame ni ba, na ce Allah ya sa karen ya samu rabonsa. Sai ta ɗago leda ɗaya ta tambayi mene ne. Da na ce fenti ne da na wuce. Amma ni da alfaharina na tsaya ina mata bayani, cewa ƙasar gidanmu ce, da hannuna na haƙo ta.

Fara'arta ba ta ragu ba. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma doka ta hana, saboda ƙasa tana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ƙwari masu kashe shuka. Na nuna mata takardar gayyata, na nuna mata hotuna, na ce saboda wannan ƙasar aka kira ni. Ta saurare ni har na gama, ta ce zanen yana da kyau, ta kwashe ledojin duka ta zuba a wani babban kwando mai murfi. Daga nan ta warware zanin da na naɗe kaskon, ta juya shi, ta ƙwanƙwasa da farce ya yi ƙara. Ta ce wannan an gasa shi, ya daina zama ƙasa, zan iya wucewa da shi.

Yanzu idan na mayar da maganarta Hausa dariya take ba ni: ba a shigo da ƙasar wata ƙasa cikin wannan ƙasa. Aka raba ni da ƙasata a ƙasar mutane, aka nuna min matakala in sauka ƙasa in hau jirgin ƙasa. Amma a ranar ban yi dariya ba. Kuka na yi, na gaske, cikin ƙatuwar rigar gwanjo.

A tashar akwai kanti. Na tuna umarnin Inna, na ce ko ba komai in cika guda ɗaya. Na ɗauki albasa ƙwaya ɗaya tak na bi layi ina share ido. Wani dattijo baƙar fata da ke jera kaya a kan kanta ya dube ni, ya dubi albasar, sai na ji Hausa a kunnena.

"Tsohuwa ce ta ce ki ci, ko?"

Malam Tanko ke nan, mutumin zangon Kumasi, ya fi shekara ashirin a can. Ya ce duk wanda ya gani da akwati da albasa ɗaya ya san daga inda ya fito, don shi ma da ita ya fara. Ya yanka min ita da wuƙar buɗe kwali, ya tsaya sai da na cinye ina hawaye biyu, na albasa da na ƙasa. Na ba shi labari. Ya ce, "Ƙanwata, hannun da ya haƙo ta dai ba su karɓe ba." Ya raka ni har bakin jirgin, ya gaya min tashar da zan sauka.

Wadda ta tarbe ni Marika ce, mai kula da gidan, mace mai furfura da tsawon da sai na ɗaga kai. Na fito ina neman mota, sai na ga keke mai akwatin katako a gaba. Ta ɗora kayana a ciki, ta nuna min wani keken ta ce nawa ne har in tafi. Rabona da keke tun ina 'yar firamare. Na hau da bisimilla, na sauka a cikin shingen furannin wani bawan Allah. Ya fito, na zaci faɗa zai yi, sai ya tambaye ni ko keken bai lalace ba.

Gidan tsohuwar makaranta ce aka mayar ɗakuna. Mu huɗu ne baƙi, amma wanda muka fi shiri da shi Tomas ne, mai sassaƙar dutse daga Chile, mutum mai surutu da ƙurar dutse a gashi. Yammacin farko na ce bari in cika umarni na biyu. Na kunna gawayi, na ɗora a kaskon Inna, na zuba turare. Hayaƙi ya fara tashi ke nan, ɗakin ya fara zama ɗaki, sai wata ƙara ta ɓarke a rufin gidan gaba ɗaya. Kowa ya fito waje a guje, Tomas da tawul a wuya. Na fito da kaskona a hannu yana hayaƙi, ban ma san ni ce gobarar ba. Marika ta ce ƙamshin yana da daɗi sosai, kuma kada in sake kunna shi a cikin ginin. Haka suke, sai su yabe ka su hana ka a numfashi ɗaya. Kasko ya koma bakin taga, na riƙa zuba burushi a ciki.

Masu tambayar abinci, ga amsarku. Da rana burodi ne da cuku, da sanyinsa, a tsaye. Na yi kwanaki ina jiran a kawo abincin bayan an gama wannan, ashe shi ke nan. Idan ka ziyarci mutum zai ba ka kofi da biskit ɗaya, ya rufe gwangwanin a gabanka. Kuma ba a faɗa wa mutum gida haka kawai. Maƙwabciyarmu da na ce zan leƙo mu gaisa sai ta buɗe waya ta ba ni ranar Talata ta sama. Amma tagoginsu ba labule, kana wucewa kana ganin abin da suke ci. Na ce ikon Allah, mu muna rufe taga mu buɗe ƙofa, su sun buɗe taga sun rufe ƙofa. Sai dai in faɗi gaskiya, in sun ce za su yi maka abu sun yi shi ke nan, ba sai ka bi sawu ba. Ranar da na yi musu miyar kuka da tuwon semo, Marika ta ce kamanninta ba kyau, ta ƙara sau biyu.

Duk wannan ina yi ne hankalina ba a kwance ba, don ga katako an jera min, ga ranar baje koli an sa, ba ni da abin shafawa. Marika ta kai ni kantin kayan zane, ja iri-iri har da masu sunan ƙasa. Na gwada, ja ne, amma ba ya numfashi. Na ɗauki keke na bi gonaki da bakin rafi ina tona. Ƙasarsu toka-toka ce, ko baƙa, ko yashi. Ba wanda ya zarge ni da asiri, sai dai wata tsohuwa ta tambaye ni ko kare na ɓatar.

Wata rana ina dawowa na lura da abin da yake gabana tun zuwana: duk gidajen garin na jan bulo ne. Na tambayi Marika daga ina suke samo jar ƙasa. Ta ce ba sa samowa, wannan yumɓun mai toka-toka ne, in an gasa shi sai ya koma ja. Na ce Tomas ya ara min guduma. Na tsinto fasassun bulo a bayan gidan, na farfasa, na daka, na tankaɗe da ɗankwalina, na kwaɓa da ƙaron da Allah ya sa ba a karɓe ba. Ya kama katako tsaf. Na yi rawa ni kaɗai a ɗakin aiki.

Da garin bulon nan na zana Mpape: tudun, hanyoyin ƙafa, mata masu tallan tsakuwa, motocin dutse. Aiki ya yi ta zuba, har Tomas ya ce ina sa su jin kunya. Amma duk lokacin da na ɗauko katakon da na ware wa Baba, sai hannuna ya ƙi. Na fara na goge, na fara na goge. Fuskar tana fitowa, amma ta wani ce. Bulon gidan wasu ne, bai san shi ba.

Ina wanke burushi wata safiya na mayar da su cikin kaskon, sai maganar jami'ar nan ta dawo min: an gasa shi, ya daina zama ƙasa. Na tsaya da burushi a hannu. A wurinta ya daina. A wurina kuwa, ga ramin bayan gidanmu nan zaune a bakin taga, ya wuce kwastan da izininsu.

Na kira Yaya Mudi, ya kai wa Inna wayar. Bayanta ina jin hayaniyar masu sauke lemo. Na shirya maganar neman izinin fasa kaskon tsaf, amma ita ta riga ni.

"Kin ci albasar?"

"Na ci, Inna."

"Kaskona fa, yana nan lafiya?"

"Yana nan."

"To madalla. Ki riƙa naɗe shi, kin san bakinsa ya ɗan tsage."

Muka yi sallama ban faɗa ba. Na san in na tambaya za ta ce a'a, kuma in ta ce a'a ba zan taɓa shi ba, Baba kuma ba zai samu fuska ba har abada. Na auna abin kwana da kwanaki. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, don ban taɓa saɓa wa Inna a kan abin da ta ja min kunne ba. Amma ban yi shakkar cewa daidai ne ba.

Na shimfiɗa zaninta a ƙasa, na kife kaskon a kai. Tomas ya ce ko ya yi min. Na ce masa ni 'yar mai fasa dutse ce. Na yi bisimilla, na sauke guduma sau ɗaya, a inda ya tsage.

Na ware jan baya daban, na kankare baƙin ciki daban. Ja da baƙi, duk abin da nake bukata. Da na fara daka sai ƙamshi ya taso, ba hayaƙi ba wuta, turaren da yumɓun ya sha tun kafin in yi wayo. Ɗakin aikin nan na Holan ya koma ɗakin Inna da magariba, lokacin da Baba yake shigowa da ƙura a gira ya ce a ba shi ruwa. A nan na ga fuskar. Garin bai fi cikin tafi biyu ba, don haka ba halin gogewa, kuma ban goge ko sau ɗaya ba.

Ranar baje koli mutane sun zo da yawa, har Malam Tanko ya hawo jirgin ƙasa da hularsa. Na lura duk wanda ya zo gaban hoton Baba sai ya matsa, ya ƙara matsawa, ya kai hanci. Wani yaro ya ce wa uwarsa hoton yana ƙamshi, ta ce ya yi shiru, sannan ita ma ta sunsuna. Al'adar gidan ce kowane baƙo ya bar aiki ɗaya, kuma Marika ta ce wannan take so. Na ce ta zaɓi duk wanda ta ga dama cikin sauran, ko biyu ma. Wannan ba nawa ba ne, aro ne, mai shi tana jira.

Na rungumo shi a jirgi naɗe da rigar gwanjo. A Abuja jami'in kwastan ya tambayi me ke ciki, na ce kasko ne. Ya buɗe, ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, gajiya ce, je ki huta."

Ban sauka Garki ba, Zuba na wuce. Bayan an gama oyoyo, Yaya Mudi ya gama ƙorafin kilishinsa da kare ya gada, Inna ta miƙo hannu.

"Ina abina?"

Na warware rigar na ɗora mata katakon a cinya. Na durƙusa a gabanta. Ta shafa gefensa, ta shafa fuskar da yatsu, tana jin kaushin garin. Ta ɗaga shi kusa da ido, idon bai ba ta komai ba sai inuwa. Sai na ga ta tsaya. Ta matso da shi hancinta, ta ja numfashi a hankali, ta daɗe a haka.

"Kin fasa min kasko," in ji ta.

"Na fasa, Inna."

Yaya Mudi ya leƙo ta kafaɗarta. Dariyar da ke bakinsa ta ɗauke. Ya zauna a ƙasa ya ce, "Inna, Baba ne. Wallahi Baba ne, har da tabon goshin."

Inna ta mayar da hannu kan fuskar. Ta sake bin goshin da yatsa har ta sami wurin. Ni kuwa ina durƙushe ina jiran hukunci, kuma na shirya karɓarsa ko mene ne.

"Mudi," in ji ta, "gobe ka sayo min kasko a kasuwa, ko wane iri ne." Ta goge katakon da bakin mayafinta. "Ke kuma tashi ki nemo ƙusa. Ki kafa shi can saman inda nake turare, ƙasa-ƙasa yadda hayaƙi zai riƙa samunsa. Babanku ba ya son ɗaki ba ƙamshi."